Renée: Sunan Wadda Aka Sake Haifa

A cikin sunayen mata da Faransawa suka gada kaka da kakanni akwai wani gajere, mai gaɓa biyu kacal, wanda yake ɗauke da babbar koyarwa ta Sabon Alkawari. Sunan shi ne Renée. Ana furta shi "Rene", daidai da yadda ake furta na maza, wato René. A rubuce kaɗai ake rarrabe su, gama na mata yana da ƙarin harafi ɗaya a ƙarshe. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, inda aka daɗe ana karatun boko da Faransanci, sun saba jin sunan a makaranta da majami'a, ko da yake ba kowane mai jinsa ne ya san abin da yake faɗa ba. Ma'anarsa ita ce "wadda aka sake haifa". Hausawa sun ce suna linzami ne. Bari mu bi sawun wannan suna mu ga inda ya fito, mu kuma ga inda ya ja wata 'yar sarki da ta amsa shi shekara 64.

Tushen kalmar

Faransanci ya tsiro ne daga Latin, harshen Romawa. A Latin, natus yana nufin wanda aka haifa, nata kuwa wadda aka haifa. In aka liƙa musu ɗan guntun nan re a gaba, wanda yake nufin maimaita abu, sai su zama renatus da renata. Da ƙarnuka suka shuɗe, bakin mutanen ƙasar Gaul, wadda daga baya ta zama Faransa, ya yi ta cinye ƙarshen kalmomi har natus ya koma né, nata ta koma née. Ta haka Renatus ya zama René, Renata ta zama Renée. Mutanen Italiya da Sifaniya da Fotugal sun riƙe siffar da ta fi kusa da ta asali, suna cewa Renato da Renata, Jamusawa kuma suna kiran 'ya'yansu mata Renate. Daga wannan saiwa ɗaya aka sami Noël, sunan Kirsimeti a Faransanci, da sunan nan Nathalie, domin dukansu suna komawa ga natalis, wato ranar haihuwa.

Abin da ya ɗaga kalmar daga maganar yau da kullum ya mai da ita suna shi ne Littafi Mai Tsarki. A shekara ta 382 Damasus, bishop na Roma, ya ɗora wa malamin nan Jerome aikin gyara fassarar Bishara ta Latin. Daga baya Jerome ya koma Baitalami ya ci gaba da fassara, aikinsa kuwa shi ne ya zama ƙashin bayan Littafin da Ikilisiyar yammacin Turai ta yi ta karantawa fiye da shekara 1,000. A cikin wannan fassara kalmar ta fito a wurare biyu da suka shafe mu. Na fari yana cikin Bishara ta Yohanna sura 3, inda Nikodimu, Bafarisiye kuma ɗan majalisar Yahudawa, ya zo wurin Yesu da dare. Ubangiji ya nuna masa cewa ba mai shiga Mulkin Allah sai an haife shi ta ruwa da Ruhu, a nan ne Latin ya sa renatus. Kalmar Helenanci da Yohanna ya rubuta a farkon zancen, anothen, tana da fuska biyu: tana nufin "daga sama", tana kuma nufin "karo na biyu". Nikodimu ya kama fuska ta biyu kaɗai, shi ya sa ya rikice yana tambaya ko tsoho zai iya komawa cikin mahaifiyarsa. Wuri na biyu yana cikin wasiƙar Bitrus ta fari, sura 1, inda manzon ya tuna wa masu bi cewa an sake haifarsu ta wurin Maganar Allah, irin da ba ya ruɓa.

Ya kamata mai karatu ya riƙe mutanen nan biyu a zuci tun yanzu. Ɗaya ya zo da dare don kada a gan shi. Ɗayan kuma ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta. Sunan ya fito ne daga labarin mutane biyu da tsoro ya taɓa rinjaya.

Masu bi na ƙarnukan farko sun ɗauki baftisma a matsayin ranar haihuwa ta gaske. Yawancin masu karɓarta manya ne da suka bar gumaka, ana kuma yi musu ita a daren Ista, su fito daga ruwa a sa musu fararen tufafi su yi kwana takwas da su. Iyaye Kirista suka fara raɗa wa 'ya'yansu sunaye masu shaida bangaskiya. Anastasia tana nufin tashi daga matattu. Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, yana da ɗa mai suna Adeodatus, wato kyautar Allah, an kuma yi musu baftisma tare a Milan a shekara ta 387. A ƙarni na 5 birnin Carthage, a Tunisiya ta yau, ya yi bishop mai suna Deogratias, wato godiya ga Allah. Wanda ya san Godiya da Kyauta da Alheri a ikilisiyoyinmu ba zai yi mamakin wannan ba. Cikin irin waɗannan sunaye Renatus da Renata suka sami gurbi.

Yaron Angers

Yadda sunan ya kafu a Faransa kuwa, sai mu je birnin Angers da ke yammacin ƙasar. A ƙarni na 5 birnin ya yi bishop mai suna Maurilius. Ƙarnuka bayan rasuwarsa marubuta suka ba da wani labari a kansa. Sun ce wata mata ta kawo ɗanta yana bakin mutuwa, ta tarar da shi yana tsakiyar sujada, bai kuwa katse ba sai da ya gama, kafin nan yaron ya cika. Baƙin ciki ya sa Maurilius ya bar kujerarsa ya ƙetare teku, ya yi shekara bakwai yana aikin lambu a ɓoye. Da mutanensa suka gano shi suka komo da shi, sai ya tafi kabarin yaron ya yi addu'a, yaron ya tashi. Aka sa masa suna Renatus, aka kuma ce shi ne ya gaji Maurilius.

Masana tarihi sun ɗauki wannan a matsayin almara, sun kuma nuna cewa an cakuɗa shi da labarin wani bishop Renatus na Sorrento a Italiya. Amma mutanen Angers sun gaskata shi, matan da suke neman haihuwa suka riƙa zuwa wurin da aka keɓe domin tunawa da René suna roƙo. A shekara ta 1409 aka haifi ɗa a gidan sarautar Anjou, a birnin Angers ɗin, aka sa masa René. Shi ne ya sarauci Anjou da Provence, ya kuma riƙe sarautar Naples na ɗan lokaci, har mutane suka yi masa laƙabi da sarki nagari. Ya rasu a 1480. Daga gidansa sunan ya yaɗu cikin manyan gidaje, daga nan ya sauka zuwa ga talakawa.

'Yar sarkin da ba ta gaji sarauta ba

Ran 25 ga Oktoba 1510, a fadar Blois, sarauniya Anne ta Brittany ta haifa wa Sarki Louis na 12 'ya mace. Anne ta sha binne jarirai, 'yarta ɗaya tak, Claude, ta rayu kafin wannan. An ruwaito cewa ta kai kukanta wurin René na Angers, shi ya sa aka raɗa wa jaririyar Renée. Abin da fada take jira ɗa namiji ne, gama dokar gadon Faransa ta hana mace hawa gadon sarauta. Uwar ta rasu a Janairu 1514, uban ya bi ta a ranar farko ta 1515. Sarauta ta koma hannun François na 1, mijin yayarta. Renée ta tashi marainiya tun tana da shekara huɗu, ba ta da ƙarfin jiki, amma tana da kaifin basira da son karatu.

Zamanin nan ne Turai ta fara girgiza. A 1517 Martin Luther ya ta da muhawararsa a Jamus. A Faransa malamin nan Lefèvre d'Étaples ya fitar da Sabon Alkawari da Faransanci a 1523. Matar da ta reni Renée, Michelle de Saubonne, tana cikin masu ƙaunar karanta Littafi da harshen gida, haka ma Marguerite, 'yar'uwar sarki. A hannun waɗannan mata yarinyar ta sha koyarwar cewa ceto kyauta ne na alherin Allah, ta wurin bangaskiya ake karɓarsa.

A 1528 aka aurar da ita ga Ercole d'Este, magajin sarautar Ferrara a arewacin Italiya. Auren siyasa ne, domin Faransa tana neman abokin yaƙi a can. Italiyawa suka kira ta Renata, sunan ya koma siffarsa ta asali ke nan. Ta haifi 'ya'ya biyar: Anna, Alfonso, Lucrezia, Leonora da Luigi. Ercole ya hau sarauta a 1534. Sai dai ƙasar Ferrara amana ce daga hannun Paparoma, yana da ikon karɓe abarsa in ya ga dama. Saboda haka duk abin da zai ɓata wa Roma rai barazana ne ga rawanin Ercole.

A watan Oktoba na shekarar nan aka wayi gari an manna takardun sukar sujadar Mas a Paris da wasu birane, har a ƙofar ɗakin barcin sarki. Aka shiga kame da ƙona mutane. Masu gudu suka fantsama, waɗansu suka nufi Ferrara, gama sun ji akwai 'yar sarkinsu a can da ba ta korar baƙo. Mawaƙin nan Clément Marot, wanda daga baya ya mayar da Zabura waƙoƙin Faransanci, ya iso a 1535. A 1536 wani saurayi ɗan shekara 26 ya sauka a fadar da sunan aro, Charles d'Espeville. Shi ne Calvin, wanda babban littafinsa na koyarwar addinin Kirista bai daɗe da fitowa a Basel ba. Makonni kaɗan ya yi, amma daga baya suka yi ta musayar wasiƙu har ƙarshen ransa. An ruwaito cewa da masu kula da baitulmalinta suka yi ƙorafi kan yawan abin da take kashewa a kan Faransawa matalauta, sai ta amsa musu cewa da Allah ya ba ta gemu, da dukansu talakawanta ne, to yaya za ta bar su da yunwa?

Amma ita kanta ba ta fito fili ba. Tana karanta Littafi a ɗakinta, tana ɓoye waɗanda ake nema, a idon jama'a kuwa tana nan matar sarkin Katolika. Calvin yana da suna da ya laƙaba wa masu irin wannan zama. A 1544 ya rubuta ɗan littafi yana tsauta musu, ya kira su mutanen Nikodimu, wato masu zuwa wurin Yesu da dare. Ga shi kuwa matar da sunanta ya fito daga zancen Yesu da Nikodimu ta yi shekaru tana zaman Nikodimu.

Faɗuwa

Igiya ta yi ta matsewa. Tun 1536 Ercole ya sallami Michelle de Saubonne ta koma Faransa, ya kuma riƙa rage Faransawan da ke kewaye da matarsa. A 1542 Roma ta kafa kotun binciken bidi'a. A 1550 aka kashe wani mai gashin burodi ɗan garin Faenza, Fanino Fanini, a Ferrara saboda wa'azinsa, duk da roƙon da Renée ta yi a bar shi da rai. Daga ƙarshe Ercole ya kai ƙarar matarsa wurin Sarki Henri na 2 na Faransa, ɗan yayarta Claude. Henri ya aiko da babban mai binciken bidi'a na ƙasarsa, Matthieu Ory.

A watan Satumba 1554 aka yanke mata hukunci. Aka ƙwace littattafanta, aka kore barorinta, aka ɗauke ta aka tsare a wani sashe na tsohuwar fada mai ganuwa. 'Yan matanta biyu, Lucrezia da Leonora, waɗanda ba su kai shekara 20 ba, aka kai su gidan sistoci, aka kuma nuna mata ba za ta ƙara ganinsu ba sai ta sauko. Gaba kura, baya sayaki. Bayan kimanin mako biyu ta aika a kira firist, ta yi ikirari a gabansa, ta karɓi Jibi bisa ga tsarin Roma. Aka sake ta, aka mayar mata da 'ya'yanta.

A nan akwai abin lura. Dubban mutane a Ferrara suna karɓar Jibin nan da zuciya ɗaya, ba abin kunya ba ne a gare su. Nauyin da ke kan Renée shi ne ta furta da baki abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba, ta kuma san haka. Duk uwar da aka taɓa raba ta da ɗanta ko na kwana ɗaya za ta gane abin da ya karya ta. Duk da haka faɗuwa ce, ita ma ba ta kira ta da wani suna ba.

Labari ya kai Geneva. Calvin ya rubuta wa abokinsa Farel cikin takaici cewa tsayawa daram abu ne mai wuyar samu a wurin masu sarauta. Amma wasiƙar da ya aika wa Renée a Fabrairu 1555 tana da wata murya dabam. Bai ɓoye mata cewa ta yi tuntuɓe ba. Ya tuna mata cewa Allah a shirye yake kullum ya karɓi nasa, yakan kuma miƙa hannu ga wanda ya faɗi domin kada faɗuwar ta zama ta halaka. Ya roƙe ta ta yi ƙarfin hali ta tashi. Ba ta tashi a rana ɗaya ba. Ta ƙara shekara biyar a Ferrara cikin sa ido, tana aika taimako a asirce, tana rubuta wasiƙu a ɓoye.

Montargis

Ercole ya rasu a Oktoba 1559. Ɗanta Alfonso ya gaje shi, shi ma bai iya jure fushin Roma ba. Zaɓi ya rage mata biyu: ta bar abin da ta gaskata ta zauna kusa da 'ya'yanta, ko ta tafi. A wannan karo ta zaɓi tafiya. A Satumba 1560, tana gab da cika shekara 50, ta bar birnin da ta yi shekara 32 a cikinsa, ta koma Faransa, ta zauna a Montargis, wani gari da yake cikin rabonta na gado, kimanin kilomita 110 kudu da Paris. A can ta bayyana bangaskiyarta a fili, Calvin kuma ya aiko mata da fasto, François de Morel.

Ba ta daɗe da zama ba ƙasa ta kama da wuta. Ran 1 ga Maris 1562 sojojin François, mai sarautar Guise, suka auka wa masu bin gyaran Ikilisiya, waɗanda ake kira Huguenot, suna cikin sujada a garin Wassy, suka kashe mutane da dama. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙen addini da suka ci ƙasar fiye da shekara 30, kowane ɓangare kuwa ya zub da jini. Wannan François ba bare ba ne ga Renée. Surukinta ne, mijin 'yarta ta fari Anna, uban jikokinta.

Ta buɗe ƙofofin fadarta. Ɗaruruwan mata da yara da tsofaffi da fastoci suka cika ɗakuna da farfajiya, har aka riƙa kiran gidan asibitin Allah. Cikin yaran da suka fake a can akwai Agrippa d'Aubigné, wanda ya girma ya zama babban mawaƙi da marubucin tarihi. Ƙofar kuma ba ta rufu ga Katolikan da yaƙi ya tagayyara ba. A farkon 1563, lokacin da Guise ya kewaye birnin Orléans da yaƙi, aka turo wani sarkin yaƙi mai suna Malicorne ya karɓi Montargis, ya yi barazanar rushe ganuwar da igwa in ba a miƙa masa 'yan gudun hijirar ba. Amsar da aka ruwaito ta ba shi ita ce, in ya fasa ganuwa, ita ce za ta fara tsayawa a giɓin, ta ga ko yana da zuciyar kashe 'yar sarki. Matar da aka tanƙwara cikin mako biyu a Ferrara ke nan, bayan shekara takwas da 'yan watanni. Ana cikin haka labari ya zo cewa wani Huguenot ya harbi Guise a bakin Orléans, ya kuma mutu bayan 'yan kwanaki. Malicorne ya janye.

Jarrabawa ta biyu ta zo mata daga nata mutanen. Waɗansu masu wa'azi suka yi murna da mutuwar Guise, suna shelar cewa ya tafi wuta. Renée ta ƙi yarda. Ta san jinin da ke hannunsa, ita ce ma take ciyar da marayun da yaƙinsa ya bari. Amma ta ga hawayen 'yarta, hannunka kuwa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta rubuta wa Calvin tana ƙorafi a kan ƙiyayyar da ake hurawa da sunan addini, ta tsaya a kan cewa hukuncin rai na Allah ne, Almasihu kuma ya umarce mu mu yi wa maƙiyanmu addu'a. Ba su daidaita a kan kome da kome ba. Duk da haka a wasiƙarsa ta Janairu 1564 Calvin ya yarda cewa yanke wa mutum hukuncin halaka ba tare da tabbatacciyar shaida ba wuce gona da iri ne. Ya rasu a watan Mayu na shekarar nan.

Wahala ba ta ƙare ba. A 1569 umarni ya zo daga fadar sarki cewa lalle ta sallami waɗanda suke fake a wurinta. Wannan karon ba ta da ikon hanawa. Mutum fiye da 400 suka fita, yawancinsu mata da yara, ta kuwa ba su kekunan dokinta da guzuri don kada su faɗi a hanya. A Agusta 1572 tana Paris domin bikin auren Henri na Navarre da ƙanwar sarki, sai kisan kiyashin ranar Bartalamawas ya ɓarke ran 24 ga wata. Dubbai suka mutu a Paris da sauran birane. Jikanta Henri na Guise ne ya jagoranci waɗanda suka kashe Coligny, shugaban Huguenot. Ta ɓoye waɗanda ta iya ɓoyewa a masaukinta, ta koma Montargis, can ma ta ci gaba da karɓar masu gudu.

Ta rasu a Montargis a watan Yuni 1575. A wasiyyarta ta shaida bangaskiyarta dalla-dalla, ta kuma roƙa a binne ta ba tare da shagalin sarauta ba. Ba a kai ta Saint-Denis inda iyayenta suke kwance tare da sarakunan Faransa ba. A cikin fadarta aka sa ta, inda baƙinta suka sha kwana.

Abin da sunan ya bar mana

Sunan ya ci gaba da tafiyarsa bayanta. Ya yi tashe ƙwarai a Faransa wajen shekarun 1920, ya ƙetara zuwa Amurka da Kanada da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yau kuwa ya ja baya a ƙasarsa ta asali, an fi jinsa a kan kakanni. Da yawa cikin masu amsa shi ba su taɓa jin labarin Nikodimu ba.

Ranar da aka raɗa wa jaririyar Blois suna, ba ta san kome ba. Iyaye ne suka zaɓa, bisa ga bukatarsu da begensu. Haka yake ga kowannenmu: suna addu'a ce da waɗansu suka yi a kanmu tun ba mu da baki. Maya haihuwa kuwa ba a raɗa ta ranar suna, ba a kuma gadonta daga uba ko da sarki ne. Yesu ya kwatanta ta da iska, wadda ake jin motsinta ba a ganin inda ta fito. Ana gane ta ne a hankali, ta wurin abin da ta kaɗa.

A rayuwar Renée an ga motsin nan a wurare biyu. Ta faɗi, faɗuwar kuwa ba ta zama ƙarshen labarinta ba. Sa'an nan da ta tashi ba ta zama mai taurin zuciya ba. Sau da yawa wanda ya taɓa jin kunyar rauninsa yakan rama a kan waɗansu, ya fi kowa zafi don a manta da jiya. Ita kuwa tunawa da Satumba 1554 ta sa ta san abin da tsoro yake yi wa mutum, shi ya sa ta buɗe ƙofa ga masu tsoro, ta kuma ƙi rufe ƙofar jinƙan Allah a kan wanda ya tsananta wa mutanenta.

Haka ya faru da mutane biyun da muka riƙe tun farko. Nikodimu da ya zo da dare, shi ne ya fito a ranar da almajirai suka watse, ya kawo mur da al'ul fiye da kilo 30, shi da Yusufu na Arimatiya suka yi wa jikin Ubangiji jana'iza. Bitrus da ya yi musu sau uku, shi ne aka tambaya sau uku a bakin tekun Galili ko yana ƙaunar Ubangiji, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki. Bayan wannan ne ya rubuta wa masu shan tsanani game da sake haihuwa.

Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai wanda ya taɓa yin shiru a inda ya kamata ya yi shaida, ko ya ɓoye sunansa na baftisma don ya tsira da aiki ko da rai, yana kuma ɗauke da abin a zuci shekara da shekaru. Hannun da aka miƙa wa Bitrus, aka miƙa wa Renée, bai gajarta ba. Wataƙila kuma akwai wanda ya tsaya daram a ranar wuya, yanzu yana duban waɗanda suka raunana da ido na reni. Shi ma labarin nan nasa ne, gama wasiƙar da ta ta da Renée wasiƙar ɗan'uwa ce da ya faɗi gaskiya bai kuwa yanke zumunci ba.

Ya Uba, kai da ka san mu tun ba a raɗa mana suna ba, ka ba mu sabuwar haihuwa ta wurin Ruhunka. In mun faɗi ka ta da mu, in mun tashi ka hana mu girmankai, ka sa ƙofofinmu su zauna a buɗe ga wanda tsoro ya koro. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.